Falankin Baba

Tun daga ƙofar fada tsohon kafinta ya ƙi tsayuwa wuri ɗaya. Jagorar baƙi tana bayanin takubban sarakunan da, shi kuwa yana ta leƙen gaba, yana ƙwanƙwasa sandarsa a ƙasa.

"Baba, ka bari mu ji mana," in ji 'yarsa.

"Ku ji abinku. Ni ƙyaure na zo gani."

Shekara arba'in yana ba da labarin ƙyauren nan. Gara ce ta cinye falanki ɗaya cikin goma sha biyu na ƙofar babban zaure, aka kira shi. Wata uku ya yi yana sassaƙa wani, ya turara shi da hayaƙi, ya goga masa mai har ya saje da 'yan uwansa. A gida an haddace labarin, sai dai ba wanda ya gaskata. Surukinsa, malamin makaranta mai ladabi, yakan ce "Ikon Allah" yana murmushi, murmushin da ya fi ƙaryatawa ciwo. Saboda shi Baba ya matsa aka zo.

Ɗaki bakwai suka ratsa, kowanne sai an tsaya ɗaukar hoto. Baba kamar ya ture mutane. Sai ga ƙyauren, an gitta igiya a gabansa.

"Shekararsa ɗari uku," in ji jagorar, "ko ƙusa ba a taɓa canza masa ba."

Suruki ya hau kallon takalminsa.

Baba ya duƙa ta saman igiyar. Falankinsa na hagu ne, na uku daga ƙasa. Ko na huɗu? Ya goge tabarau, ya bi furannin sassaƙar ɗaya bayan ɗaya yana neman sawun kurfin da ya yi sassaƙar da shi. Duk launi ɗaya, duk hannu ɗaya. Ya koma dama, ya dawo hagu.

"Baba, ba a taɓawa," in ji jagorar. "Mu ƙarasa, wasu na bayanmu."

Mutane suka fara wucewa. 'Yarsa ta riƙo hannun rigarsa, ta yi ƙasa da murya.

"Wanne ne, Baba?"

Ya sake bin falankan da ido. Kunya ta rufe shi.

Tausayi ya kama surukin. Ya matso, ya nuna wani falanki can sama.

"Ina jin wancan ne, Baba. Ai da gani ya fi sauran sabunta."

Baba ya san hanya aka buɗe masa. Ya ce eh kawai, a tafi gida da mutuncinsa. Ya ɗaga kai ya dubi falankin, sannan ya dubi surukin sama da ƙasa.

"Ba shi ba ne," in ji shi. "Da nawa ne, da ba ka gan shi ba."