Faɗuwar Irmiya a Gaban Mahauta

A Ƙofar Marke babu wanda bai san gidan Jinaidu Guduma ba. Gidan mahauta ne tun kaka da kakanni, kuma gidan 'yan dambe, don a Sakkwato tare abin yake tafiya: da safe a yi fawa, in kaka ta yi a ɗaure hannu a shiga fage. Jinaidu ya yi zamaninsa, ya kayar da maza har ya gaji. Yana da takensa a kalangun Illo makaɗi, wanda ko yanzu da gwiwa ta ƙi, in an kaɗa sai ka ga kafaɗar tsohon tana motsi.

Sai Allah ya ba shi Mani. Yaro ya yi ta tsawo kamar ana jan sa da igiya, har sai da aka sassare saman ƙofar zaure. Mahauta suka ce shi ke nan, wannan hannu in ya sauka a kan mutum sai dai a kira danginsa. Ina! Wani malamin wasanni ya hango shi a sakandare, ya miƙa masa ƙwallon kwando, tun daga ranar gidan Guduma ya yi asarar ɗan dambe.

Lokacin kuɗin mai ya ɓalle, soja na mulki, kowane kamfani yana so a ce yana da 'yan wasa. Wani kamfanin gine-gine a Ikko ya ɗauke Mani, ga albashi ga ɗaki ga sabon babur. Daga nan aka kira shi cikin 'yan wasan ƙasa. Ya je Dakar, ya je Alƙahira, hotonsa ya fito a jarida yana sama kamar an rataye shi.

Duk dawowar da zai yi da tsaraba yake zuwa, kuma duk dawowar tambayar ɗaya ce.

"To, can ƙasar Masar, wa kak kashe?" in ji Jinaidu. Kisa a bakin ɗan dambe shi ne ka kai mutum ƙasa.

"Baba, ba a taɓa mutum. In ka ture shi laifi na."

"To mi aka yi?"

"Ƙwallo aka jefawa cikin kwando."

"Kwandon ya cika?"

"Ba shi da gindi, Baba."

Sai tsoho ya ci gaba da wasa wuƙarsa. In an tambaye shi a kasuwa kuwa, cewa yake yaron yana aikin kamfani a kudu. Wannan magana ita ke ci wa Mani rai fiye da komai. An yi masa tafi a garuruwan da ko yarensu ba ya ji, amma shi tafin mutum ɗaya yake nema, mutumin kuwa ko sunan sana'arsa ba ya iya faɗi a gaban jama'a.

Ana nan sai aka gina sabon filin siminti a Sakkwato, aka gayyato kulob ɗin Mani ya zo ya buɗe shi da 'yan wasan jiha. Kyaftin ɗin jiha kuwa Irmiya ne, ɗan Malam Filibus na Ƙofar Dundaye. Tare suka yi makaranta da Mani, ɗaki ɗaya ake ba su in an fita wasan ƙasa, saboda haka Irmiya ya san munsharin Mani, ya kuma san abin da ke damunsa.

Jinaidu ya so ya noƙe, amma Tani, uwar Mani, ta tsare shi a tsakar gida ta ce gari duka za shi kallon ɗansa, shi ya zauna yana korar ƙuda. Ya tafi. Da yake kuma ɗan dambe ba ya zuwa fage shi kaɗai, sai ya kwashi mahautan Ƙofar Marke kaf, Illo yana gaba da kalangu a hammata.

Wallahi ranar Mani ya yi wasan da bai taɓa yin irinsa ba ko a Dakar. Ya jefa daga nesa, ya jefa da hagu, ya tashi sama ya dangwara ƙwallo har ƙarfen kwandon yana rawa. 'Yan makaranta suka rasa inda za su sa kansu: in Mani ya ci su yi ihu don ɗan gida ne, in an ci su Mani su yi ihu don jiha ce. Mahauta kuwa suna zaune jugum kamar a gidan makoki. Illo ya riƙe sandar kiɗa yana jiran wani ya faɗi. Duk jifar da Mani ya yi sai ya waiga, ya tarar da fuskar uban yadda ya bar ta.

Haushi ya fara sa shi ture mutane. Nan ne fa mahauta suka ɗan farfaɗo. Da ya bangaji wani sai su ce "yauwa", alƙalin wasa ya busa usur, su hau gunaguni wai mai usur ɗin nan ya cika saurin rabo. Kafin a ankara Mani ya tara laifi huɗu, na biyar kuwa waje ake fitar da mutum.

Wasa ya kusa tashi Irmiya ya matso yana tsaron sa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Tsohon bai motsa ba?"

"Ko gira."

"To taho ta kaina."

"Kai mahaukaci na? Saura laifi guda a fid da ni."

"Taho dai. Amma ka sani, balangu za ka biya."

Mani ya waiga ya dubi uban, ya dubi kociyansu, ya zaɓi uban. Ya ɗauko ƙwallo a guje. Kafaɗarsa ko rigar Irmiya ba ta gama shafa ba, sai ga Irmiya ya yi baya, ya zube rigingine, ya mirgina, ƙafafu a sama, har da zaro harshe. Alƙali ya busa usur ya nuna wa Mani waje.

Ai sai fili ya rikice. Mahauta suka ɗauka an sallame shi ne don babu sauran mai iya tarar sa. Suka ɓarko cikin fili, Illo ya saki sabon take nan take, suka sunkuci Mani a kafaɗa, ƙafafunsa na jan ƙasa. Kociya ya dafe kai. Jinaidu ya sauko a hankali, ya tsaya a kan Irmiya ya ƙare masa kallo, ya miƙa hannu ya tashe shi. 

Washegari Mani ya sami uban a rumfa yana naɗe cinyar rago a takardar siminti.

"Ungo, ka kai ma ɗan Malam Filibus wanga nama," in ji tsoho. "Ka ce mishi in za shi sake hwaɗuwa, shi bari a taɓa shi tukuna."

Kunya ta rufe Mani, ya ji duk tsawonsa ya yi masa yawa. "Ashe ka gane, Baba."

"Ni? Tun ba a haihe ka ba nika ganin maza suna hwaɗuwa. Mai hwaɗuwar gaskiya ba ya waigawa shi duba inda za shi sauka."

Abin da ke ran Mani ya fito da kansa. "Duk abin da niy yi kahin nan, ko motsi ba ka yi ba."

Jinaidu ya ajiye wuƙa. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, idonsa a kan katakon sara.

"Ban san inda aka tafa hannu ba," ya ce. "Yaran ga an ci su yi ihu, an ci ku su yi ihu. Na ga ka tashi sama, rayina ya tashi tare da kai. Sai nic ce in na yi inda ba a yi, a ce ga uban Mani can bagidaje. Kunyarka nij ji ma tsoro." Ya tura masa naman. "In za ku sake, ka aje mini wani kusa, shi riƙa zungurata."

Mani ya karɓi ƙunshin, amma ya kasa tafiya. Yana tsaye wani mai sayen nama ya iso, ya ɗaga kai ya dube shi.

"Guduma, wanga na mai aikin kamfani a kudu?"

"Wane kamfani?" in ji Jinaidu, da ƙarfin da rumfunan maƙwabta za su ji. "Ƙwallon kwando shika yi, ƙasa duka shi taka aikawa. Kwandon ko gindi babu, kuma bai taɓa gajiya da zuba mishi ba. Na nawa za a yanka ma?"