Bajimin Walimar Alhaji Siddiƙu

Zamanin da kuɗin mai suka ɓalle, soja na riƙe da ƙasa, kwangila ta mayar da Siddiƙu na Ƙofar Taramniya Alhaji mai marsandi. Shi ya samu kai abinci bariki, naman kuwa Arzika mahauci ke yanka masa. Tare suka yi tallan tsire suna samari, amma yanzu da wannan yankan Arzika ke ci da gidansa.

Ranar wata Alhamis Alhaji ya aika a kira shi da gaggawa. Ya sayo wani farin bajimi don walimar da zai yi wa Manjon da ya sa masa hannu a kwangilar, ga shi bajimin ya ƙi ci ya ƙi sha.

Arzika ya tarar da shi ɗaure a gindin dogon yaro. Yawu na dalala har ƙasa, yana miƙa wuya kamar mai son haɗiye abu, kukansa a shaƙe.

"Ƙwallon mangwaro na ya maƙale mai," in ji Alhaji. "Sa hannu ka hiddo shi."

Arzika ya zagaya dabbar daga nesa, sai ya hango tabon haƙora a dantsenta, ya warke amma gashi bai rufe ba.

"Alhaji, ina kas sawo shi?"

"Ruga, bayan Kalambaina. Da araha ma."

"Ba ka tambayi abin da yas sa Bahillace ya rabu da irin wagga dabba da araha ba? Can na dila mai hauka yac ciji karnukan ruga, karnukan sunka bi shanu. Labarin ya cika mahauta. Haukan kare na, wallahi ko kaffara ba ni yi."

"Sa na, ba kare ba!"

"Ciwon ba ya tambayar suna. Jaki ma yana ɗauka, balle ni da yankan wuƙa ga yatsa." Ya ɗaga yatsan da ya naɗe da tsumma.

Alhaji ya yi tsaki. "Tsufa ya sa ka tsoro, Arzika."

"Awo. Kai da ba ka tsuhwa ba, ga baki nan buɗe."

Direba da masu gadi suka sunkuyar da kai. Alhaji ya cire agogo, ya naɗe hannun babbar riga, ya taka. Bajimin ya fizgi igiya, ya kai wa itacen cizo har ɓawo ya tsage. Alhaji ya ja da baya, ya saki hannun rigar a hankali.

"To, yanka shi. Wuta na kashe komi."

"Wa za ya heɗe? Wa za ya hwasa kai? Matan da za su wanke kayan ciki hwa? Wuƙata ba ta taɓa shi."

"Manjo na zuwa gobe. Ka san in ka ƙi, kai da naman bariki har abada?"

Arzika ya sani sarai. Ya tuna bakuna goma sha da ke jiran tuwo a gidansa, da rumbun da ya kusa ganin ƙasa.

"Na sani. Tun ba a yi bariki ba nike cin abinci, Siddiƙu."

Rabon da wani ya kira shi da sunan nan ba Alhaji tun kafin ya hau jirgin hajji. Alhaji ya juya wurin direba a fusace. "Tai mahauta ka ɗauko mini wani. Mahauci ɗai na garin ga?"

Mota ta fita. Arzika ya roƙi Markus, makanikin da ke maƙwabtaka da gidan, ya hau babur ya kira likitan dabbobi. Shi kuwa ya jawo turmi ya kifa a tsakanin bajimin da ƙofa, ya zauna, ya ɗora sanda a cinya.

"Tashi ka bar mini gida!"

"Sai likita ya zaka. Wanda duk direbanka ya kawo, ɗan'uwana na, sai na gwada mai tabon nan kahin ya zare wuƙa. In kana so, kira sojan su ɗauke ni. Su ma in gwada musu abin da ka so ba su gobe."

Arzika ya ciro goro daga aljihu, ya ɓare, ya miƙa wa mai gadi rabi.