Koren Galan da Jan Galan

Malam Dabo na Kambarawa mutum ne da kunya ta yi wa yawa, kuma ita ce ta cinye masa injin mota.

A Ƙofar Kaura akwai shagunan man juye guda biyu suna kallon juna. Na farko na Alhaji Babaji ne, amininsa tun suna firamare, mai sayar da koren galan, yana rantsuwa cewa mai in ba kauri to ruwa ne. Na biyu na Muttaka ne, mijin 'yar Malam Dabo, wanda ya kawo jan galan, wai shi ne na zamani, inji ba ya zafi. Garejin Abbas bakanike kuwa yana tsakiyarsu, duk galan ɗin da ya shiga sai idon kowa ya gan shi.

To wanne za a zuba? A zuba kore, suruki ya ji ba daɗi. A zuba ja, amini ya ce an yi sabon dangi an manta da shi. Sai Malam Dabo ya ɓullo da dabara: ya sayi kore ranar da Muttaka ya tafi Kano sari, ya sayi ja lokacin da Babaji ke masallaci, ya kai gida ya jibge a sito. Juyen kuwa kullum sai gobe. Shi ko notin ƙasan inji bai san inda yake ba, balle ya yi da kansa.

Wata Laraba da hantsi motar ta yi wata ƙara, ta yi tari, ta mace daidai gaban garejin. Abbas ya zaro sandar gwajin mai ya ɗaga sama. A bushe take ƙamas.

Babaji ya iso yana gyara hula. "Ai na hwaɗa maka, man yaran nan ƙonewa shikai!"

Muttaka ya durƙusa ya gaishe su, ya ce a hankali, "Baba, ba dai mai kaurin nan aka sa mata ba?"

"Malam, wanne ka zuba?" in ji Abbas. "Ni dai wata goma sha ɗaya rabona da motar nan."

Malam Dabo ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Suna gida," ya ce. "Galan takwas. Ban buɗe ko ɗaya ba."

Abbas ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Muttaka ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, don ba a yi wa suruki dariya a fili.

Babaji ne kaɗai bai yi dariya ba. Abin ya sosa masa rai ƙwarai. "Haba Dabo," ya ce. "Shekara hamsin muna tare, ashe a wurinka galan guda ya isa ya raba mu?"

Ya naɗe hannun riga, ya dafa bayan motar. "Shiga ka riƙe sitiyari. Muttaka, taso mu tura ta cikin gareji."