Kujerar da Ta Juya wa Layin Dogo Baya

"Ba ƙirji ke cin tsohon nan ba, jirgi ne," in ji mai kayan miya, tana ƙulle mini barkono a ganyen ayaba.

"Ai tun da ƙarfinsa haka yake," wata ta karɓe. "Mutumin da kukan jirgi ke fito da shi daga wanka da kumfa a kunne!"

"To, yanzu ai an yi saki. Ba ku ga kujerarsa ba?"

Suka kwashe da dariya. Na koma gida na ɗauki kunun shinkafar da na dama, na shiga wurin tsohon da suke magana a kai, Mbah Kasdi, wato Kaka Kasdi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, a lungunmu da ke bayan layin dogo a gefen garin Solo.

Tun da aka kawo ni lungun ina amarya, kujerarsa ta saƙa tana barandarsa tana kallon layin dogo. Kusa da ita akwai wata, ta amininsa Pak Darmaji. Su biyun suka kafa ƙungiyar masoya jirgin ƙasa ta unguwarmu, har samari suka cika ta da kyamarori. A wannan daminar kujera ɗaya ce ta rage, ita ma bango take kallo.

"Yu Parti, karanta mini abin da yaran ƙungiyar nan ke cewa," ya ce, ya miƙo mini waya. Idonsa ya yi rauni, ni kuma sai da na aurar da 'yata na shiga ajin manya, don haka karatuna a hankali yake tafiya. Bai taɓa gaggauta ni ba.

Maganar duk ɗaya ce. Wani kamfani ya sayi tsofaffin taragai, ya sa musu kujerun alfarma da labule, ya mayar musu da fentin da, kore da ruwan madara, don masu hali su riƙa yin shata. Wani yaro ya rubuta cewa koren ya yi haske da yawa. Wani ya ce layin madarar ya kamata ya sauko ƙasan taga. Wani ya ce, "Ku gode wa Allah ba a sayar wa 'yan gwangwan ba."

"Ja'irai," in ji Mbah Kasdi, yana dariya tana sarƙe shi da tari. "Wanda ke gardamar koren nan, uwarsa ma ba ta ga na ainihin ba." Sai ya tambaya, "Darmaji bai ce komai ba?"

"Bai ce ba, Mbah."

Kullum da wannan tambayar muke rufewa.

Ranar ce ya ba ni labarin abin da ya shiga tsakaninsu, ban tambaye shi ba. A taron ƙungiya ya miƙe ya ce shi bai yarda da fentin ba. Ya ce taragon da ya ɗauki kaji da mata masu goyo, in ka cire kajin da matan ka bar launin, gawa ka yi wa kwalliya. Pak Darmaji kuwa shi kamfanin ya nema ya ba su shawarar launi, sai abin ya sosa shi. Ya ce a gaban samarin nan, "Kasdi, faɗa wa yara gaskiya mana. Ba fenti kake ƙi ba. Koren tarago ne ya tafi da Sumirah bai dawo da ita ba."

Mu duk a lungu mun ɗauka matarsa Sumirah rasuwa ta yi.

"Darmaji ne ya raka ni tasha ranar da ta tafi, Yu. Shi kaɗai ya ga yadda na bi taragon da gudu har takalmina ya cire. Shekara da shekaru yana riƙe mini maganar nan, sai a kan fenti ya zubar da ita." Ya gyara zanensa a gwiwa. "Yaran ba su yi dariya sosai ba. Kaɗan suka yi."

Ranar Alhamis ya kasa shan kunun. Kurciyar da yake kiwo na ta kuka a keji, babu mai rataye ta a rana. Na sa mayafi na tafi gidan Pak Darmaji, na same shi yana goge kyamara.

"Jikin Mbah Kasdi ya yi nauyi, Pak. Kullum yana tambayarka."

"Tambayata? Ko zagina?" Ya yi murmushi, amma bai dube ni ba. "Wannan tsohon zai binne mu duka, Yu. Jibi Asabar za a fara fita da jirgin, an ba ni kujera. Bari in dawo. Lahadi zan zo masa da hoto, ya ga koren da idonsa ya zage ni da hujja."

Da na koma, Mbah Kasdi ya ce, "Me ya ce?"

"Ya ce Lahadi."

"Lahadi," ya maimaita. "Da can ko jirgin kaya ba ya bari ya riga shi isowa."

Ranar Asabar da hantsi na shiga da shayi na same shi a kujerar, kansa ya jingina da bango, shayin jiya na gefensa tururuwa ta kewaye shi. Na kira shi sau biyu. Sai na ajiye kofin na fita na kira maza.

Aka kafa jar tutar takarda a bakin lungu, alamar an yi rasuwa. Ana cikin yi masa sutura Pak Darmaji ya shigo da sabuwar riga mai zane, katin gayyata na rataye a wuyansa. A tasha labarin ya same shi, kafin ya hau. Bai gaisa da kowa ba. Ya tsaya yana kallon kujerar.

Bayan azahar aka fito da makara, an lulluɓe ta da koren ƙyalle da fararen furanni. Liman ya ce, "Jama'a, in mamacin nan ya saɓa wa wani, a yafe masa."

"Mun yafe," kowa ya amsa. Ina kallon bakin Pak Darmaji, bai motsa ba. Ya dai matsa ya sa kafaɗarsa a gaban makarar. Wani saurayi ya ce, "Pak, bari in karɓa, da nauyi." Ya girgiza kai.

Maƙabartarmu tana ƙetaren layin dogo. Mu mata muka bi su zuwa mararraba. Suna isa ƙararrawa ta kaɗa, sandar tare hanya ta sauko. Masu makara suka tsaya.

Jirgin ya zo a hankali, kore shar, madarar na ƙyalli. Ta gilashi ana ganin mutane da kofuna a hannu. Wata yarinya ta ɗago mana hannu, uwarta ta ga makarar ta sauke mata shi. Samarin ƙungiya na tsaye a cikinmu da kyamarori a wuya, babu wanda ya ɗaga tasa.

Tarago na ƙarshe ya wuce, sandar ta tashi, amma makarar ba ta motsa ba, don na gaba bai ɗaga ƙafa ba. Pak Darmaji ya juya fuskarsa har kumatunsa ya taɓa koren ƙyallen. Ya yi magana da ƙarfi, yadda ake yi wa mai nauyin kunne.

"Kasdi, ga ni na zo. Maganar nan taka ce, ba ni da ikon faɗinta. Ka yafe mini."

Can nesa jirgin ya yi kuka sau ɗaya. Iska ta zubo da fure guda daga makarar, ya faɗa tsakanin ƙarafan dogo.