Gemun Mukhtar

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano fataucin Tarabulus ya mutu, Mukhtar, ɗan Larabawan unguwar Dukawuya, ya rasa abin yi. Da ƙyar ya samu aikin tantance fatu a kantin wani Bature a bayan ganuwa. Baturen kuwa ƙa'idarsa har haushi take ba mutum: a yanke farce, a naɗe hannun riga, kuma daga ran Litinin kada ya ga gashi ko ɗaya a haɓar ma'aikacinsa. Wai gemu ƙazanta yake tarawa. Kai ka ce da haɓa ake duba fata.

Ba dariyar 'yan kasuwar Kurmi ce ta dami Mukhtar ba, mahaifiyarsa ce, Mabruka. Idonta ya tafi, hankalin ma yana zuwa yana komawa. Duk gidan ba wanda take ganewa sai shi, shi ɗin ma sai ta kai hannu ta shafa gemun nan tukuna. In aka aske, tsoronsa kada ya zama baƙo a wurinta.

Ya roƙi tafinta ya yi wa Bature bayani. Amsa ta dawo a taƙaice: ya aske ko ya bar aiki.

Ran Lahadi da la'asar wanzami ya gama da shi a zaure. Iska ta taɓa haɓarsa, ya ji kunya kamar an tuɓe masa riga a kasuwa. Sai da ya jima kafin ya shiga ciki.

Ya tarar da ita a tsakar gida, hayaƙin turaren wuta yana zagaye ta a hankali, tantabaru suna ta kuka a kan soro. Ya durƙusa a gabanta. Hannunta ya bi goshinsa, ya gangaro kumatu, ya tsaya a haɓa. Ya daɗe a nan.

Sai ta yi murmushin da ya shekara bai gani ba.

"Mukhtari, an tashe ku daga makaranta? Aje allon, ruga Ƙofar Mazugal. Tun ɗazu nake jin kukan raƙuma, ayarin babanka ya iso."

Shekara ashirin ke nan da aka binne mahaifin nasa a hanyar Sahara. Mukhtar ya riƙe hannunta a kan haɓar tasa.

"To, Ummi," in ji shi. "Bari in sa takalmina."