Gadon Alli

Saura kaɗan kwamitin gina ɗakunan kwanan ɗalibai ya zaɓi zanen wani ɗan kwangila ya watsar da nawa. Laifina shi ne ban sa ƙatuwar ƙofar shiga mai ado ba. Ni ɗakuna na faɗaɗa, na sa tagogi masu kallon juna don iska, na zaɓi bulo mai araha. Ƙanwata na cikin masu jiran ginin, kuma na gaji da ganinta tana karatu a kan matakala.

Shugaban kwamitin, wanda duk jami'a ke kira Haka-Muka-Saba, ya ɗaga zanen ɗan kwangila.

"'Yata, duba nan. Gado huɗu, ga tebur, ga fili har a yi tsalle. Me kuma kike nema?"

Na ɗora ma'auni a kan takardar, sai raina ya ɓaci. An ƙanƙance gadajen ne don ɗakin ya yi kama da mai faɗi. Su kuwa dattawan nan, hoton gaban gini kawai suke kallo su gyaɗa kai.

"Baba, a taimaka mini da alli."

Na ture kujeru, na zana ɗakin a daɓen ofis da ainihin girmansa, har da gadon yadda aka auna shi.

"Bismillah, Baba. Kwanta mu gani."

"Yarinyar nan ba ki da ta ido," in ji shi, amma ya tattare riga ya kwanta. Kansa ya shiga gadon. Ƙafafunsa suka tsallake gado, suka tsallake bango.

Ma'ajin kwamitin ya leƙo ta saman tabarau. "Ranka ya daɗe, ƙafafunka sun shiga ɗakin maƙwabta ba sallama."

Ɗan kwangila ya yi wuf ya ce, "Ai ɗalibai ba su kai Yallaɓai tsawo ba!"

Duk ofishin babu wanda ya kai Baba gajarta. Ma'aji ya toshe baki da hula.

Baba bai tashi ba. Daga kwance ya ce, "Zana naki."

Na zana a gefe. Ya mirgina ya shiga, ya miƙe ƙafa, ya baje hannuwa, bai taɓa layi ba.

"Wace taga ce wannan kusa da kaina?"

"Ta iska, Baba."

"To, a manta da ƙofar ado. Na yarinyar nan za a gina." Ya miƙa wa ɗan kwangila hannu. "Kai kuma, mai gadon jarirai, zo ka ɗaga ni."