Kujerar Abdul-Hakim

Sai da Shehu ya yi wata biyar a ƙungiyar tseren kwale-kwale ta jami'arsu a Doha kafin hannunsa ya saba da filafili. Mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba a Zariya, sai ga shi kullum bayan sallar asuba yana saɓa dogon jirgi a kafaɗa tare da sauran sababbi, tafin hannu duk ya yi bororo ya fashe, riga na tsamin gumi da gishirin teku.

Mutum huɗu ke tuƙa jirgin. Da gasar sababbi ta matso, koci ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, Shehu ya zo na biyar. Wanda ya sha gabansa Abdul-Hakim ne, ɗan Zongon Kumasi, abokin karatunsa. Shehu bai ji haushi ba, don ya san yaron ya fi shi.

Ana saura kwana uku a yi gasar, mahaifinsa, Alhaji Ghali, ya sauka Doha.

"Na gaya wa 'yan majalisarmu ɗana zai yi tsere a kan teku," in ji shi tun a mota. "Hotuna suke jira."

"Baba, ai ban shiga huɗun farko ba. Ina cikin 'yan jira."

"Jira? Tun daga Zariya na taso in kalle ka kana jira?"

Washegari Alhaji ya bi shi wurin atisaye. Shehu na wanke filafilai ya hango uban ya ja koci gefe, ya dafa masa kafaɗa, ya miƙa masa wata leda mai kwalaben turare, suna ta ƙyaƙyata dariya kamar tsofaffin aminai. Da la'asar saƙo ya shigo wayar kowa: Shehu ne a kujera ta biyu, Abdul-Hakim ya koma jira, wai don a daidaita nauyin jirgi.

Shi da uban suna wani gidan abinci a unguwar Al Asmakh Shehu ya karanta saƙon. Alhaji na ta yagar naman rago, maiƙo na bin gemunsa.

"Baba, me ka ce wa koci?"

"Gaisawa muka yi. Kai dai ci abinci."

Shehu ya ɗauki wayarsa. Ya rubuta wa koci cewa bai yarda ba, a mayar wa mai kujera kujerarsa. Ya daɗe yana kallon rubutun. Sai ya tuna 'yan kallo, da jirgi na tsaga ruwa da shi a ciki, ya goge saƙon. Abin da ya fi ba shi ƙyama ke nan: ashe shi ma yana so.

Ranar Asabar da safe, ranar gasar, Fausatu, mahaifiyar Abdul-Hakim, ta zo bakin ruwa. Kitso take yi a wani shago a unguwar Bin Mahmud, da ƙyar aka ba ta hutun yini, ga ta da kula cike da wake da shinkafa don 'yan ƙungiyar. Ɗanta ne ya riƙe musu jirgin har suka zauna.

"Kada ka ɗaga kafaɗa," ya ce wa Shehu, bai dube shi ba. "Yalla, ku tafi."

A tsakiyar tseren filafilin Shehu ya nutse ya maƙale, mariƙin ya doke shi a haƙarƙari, jirgin ya karkace. Kafin su daidaita an wuce su. Cikin jirage biyar suka zo na huɗu.

Alhaji bai damu ba, ya samu hotunansa. Ya karɓi faranti a hannun Fausatu, ya ci, ya suɗe cokali, sannan ya ce, "Hajiya, ki ce wa naki ya dage. Wata rana shi ma za a sa shi."

Ta kalle shi sama da ƙasa, ta rufe kularta. Shehu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ran Lahadi ya raka uban filin jirgi. Alhaji ya rungume shi yana sa masa albarka, shi kuwa Allah-Allah yake a sake shi. Ran Litinin ya tare Abdul-Hakim a ƙofar ɗakin karatu, ya gaya masa komai, har da saƙon da ya goge.

"Na sani," in ji Abdul-Hakim. "Kowa ya ga ledar. Saƙon ne kawai ban sani ba. Da ma ba ka faɗa mini ba."

Ya gyara jakarsa ya wuce. Shehu bai sake zuwa atisaye ba, kuma babu wanda ya kira ya tambayi dalili.